Gurbin Hsiu-chin a Allon Gidan Lai

Shekara hamsin da ɗaya Lai Chin-tu ya yi yana rubuta sunayen matattu a garin Lukang, ba a taɓa maido masa da aiki ba. Shagonsa ɗan siririn ɗaki ne a bayan kasuwar kifi, inda ƙamshin katako da ƙarnin kawar teku suke wuni suna kokawa. Allon kakanni yake sassaƙawa, wanda kowane gida ke ajiyewa a kan teburin falo, a kunna masa turare safe da yamma, a zuba masa shinkafa ranar biki. A cikin allon akwai 'yan fallayen katako, kowanne ɗauke da sunan miji a gefe guda, na matarsa a ɗaya gefen. Mamacin da sunansa ya shiga ya sami gida. Wanda bai shiga ba, sai yawo da yunwa.

Ƙa'idar sana'ar kuwa Chin-tu ya haddace ta tun kafin ya fara aski da kansa: 'ya mace ba ta shiga allon ubanta, gidan miji ne wurinta. In ta mutu ba aure, sai a kai sunanta wani ɗakin bauta a jera shi cikin baƙi. Sau da yawa iyaye mata sun zo masa da kuka a kan wannan, ya ba su shayi, ya ba su haƙuri, ya ƙi. Mutum ne mai kirki, amma kirkinsa yana da taurin kai.

Shi kuma 'ya ɗaya tal gare shi, Hsiu-chin, malamar lissafi a birnin Taichung. Tana zaune da wata mai gyaran gashi, Pan Mei-yun, wadda Chin-tu ke kira abokiyar hayarta. Haya dai ta shekara ashirin da biyu, da kare ɗaya da tukunyar shinkafa ɗaya. Kowa ya gane, har shi. Bai fasa aika mata hotunan gwauraye ba, daga likitan haƙori har mai sayar da taya, don tsoro ɗaya ne ke cin sa: kada 'yarsa ta mutu ba ta da wurin zama.

Shekarar da aka jefa ƙuri'a a kan ko mace za ta auri mace, namiji ya auri namiji, da sassafe ya je ya dangwala wa a'a.

"Ni ba ƙin kowa nake ba," ya ce wa ƙaninsa A-fa, mai suyar wainar kawa, wanda ba shi da aiki sai zaman shagon yayansa. "Amma in mace ta auri mace, wa zan rubuta a gefen miji?"

"Rubuta wadda ta fi masifa, Yaya," in ji A-fa. "A gidanka ma ai haka ya kamata a yi, da marigayiya matarka ce a can."

Doka ta zo duk da haka. Hsiu-chin da Mei-yun suka je ofishin rajista suka sa hannu, suka aiko masa da kwalin kek na biki. Bai ci ba, bai kuma iya zubarwa ba. Kwalin ya zauna a kan kanta har ya yi fumfuna.

Bayan shekara uku ciwon daji ya ɗauke Hsiu-chin tana da arba'in da tara. Mei-yun ce ta yi jinyarta wata goma sha huɗu, amma ranar jana'iza Chin-tu ya tsayar da ita a layin ƙawaye. Wannan abu ya yi shi da gangan, kuma daga baya ya ji kunyarsa ƙwarai.

Da shekara ta kusa zagayowa, lokacin da ake shigar da mamaci cikin kakanni, sai ga Mei-yun a kan babur wata safiya. Ta cire hular kwano, ta tsaya daga bakin ƙofa kamar baƙuwar ciniki.

"Kawu, allo nake so, ƙarami, na mutum ɗaya. A ɗakina zan ajiye ta."

"Gidanku fa?"

"Yayana ya ce allon Pan ba masaukin baƙi ba ne."

"To in kin mutu, wa zai kunna mata turare?"

"Kare, in ya koya," ta ce, ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai zuci ba. "Babu kowa, Kawu. Amma ba zan kai ta cikin mutanen da ba ta sani ba. Ka san ta, ko a motar haya ba ta son zama kusa da baƙo."

Chin-tu ya ajiye wuƙar sassaƙa. Wani abu ne ya faɗo masa wanda ya sani tun yana koyon sana'a. Ƙa'idar nan tana da ƙofa ɗaya. Gidan da ba ɗa namiji, in 'yar ta yi aure ta kawo mijin gidan ubanta maimakon ta tafi nasa, to ita ce magajiya, sunanta yana shiga allon uban, na abokin aurenta a gefe. Ya rubuta irin wannan ya fi sau talatin. Sharaɗin ɗaya ne, sai in an yi aure. Wato auren da ya tashi da sassafe ya je ya ƙi, shi kaɗai ne zai dawo masa da 'yarsa gida.

"Yaya, kada ka fara," in ji A-fa, don ya karanci fuskarsa. "Tsofaffin nan ba za su yarda ba."

"Kai ne kakakinsu? Sai mu tambaye su."

Su uku suka wuce gidan Chin-tu, suka shiga falo. Chin-tu ya kunna turare, ya ɗauki 'yan itacen nan biyu masu siffar jinjirin wata da ake tambayar kakanni da su: in ɗaya ya kife ɗaya ya buɗe, an yarda. Ya faɗi buƙatarsa, ya jefa. Duka biyu suka buɗe, alamar kakanni na dariya. Ya sake, suka sake dariya.

"Ku yi ta yi," ya ce wa allon. "Shekara hamsin ina ba ku shinkafa, ban taɓa roƙonku komai ba. Jikarka ce, Baba. Kai ka koya mata ƙirga."

Ya jefa na uku, ɗaya ya kife ɗaya ya buɗe. A-fa ya buɗe baki zai ce ai sau uku a jere ake so, ya dubi yayansa, ya rufe.

Washegari Chin-tu ya zaɓi fallen katako mafi kyau, na mutum biyu. Ya rubuta sunan 'yarsa da ranar haihuwarta da ta mutuwarta, hannunsa bai karkace ba ko kaɗan. Ɗaya gefen ya bar shi fari. Mei-yun ta tsaya tana kallon farin wurin.

"Kawu, wannan fa?"

"Naki ne. Kada ki yi gaggawa, ba inda zai je." Ya miƙa mata sandunan turare uku. "Kuma ki daina ce mini Kawu a gabansu, za su rikice."

Ta karɓa da hannu biyu. Sai da ta kunna, ta sunkuya sau uku, sannan ta juyo gare shi.

"Baba, a ina zan soka?"

Ya nuna mata tsakiyar kaskon toka, wurin da marigayiya matarsa ta saba sokawa.