Kazar Baƙo da Littattafai Biyu

A shekarata ta biyu a jami'a, lokacin da jam'iyya ɗaya ce a Togo kuma gardama sai a kan littafi, malaminmu na nazarin al'umma ya ba ni aiki tare da abokina, wani ɗan ƙabilar Ewe daga garin Baguida. Littattafai biyu za mu kwatanta a gaban aji, duka a kan mutanen Zongo, unguwarmu ta Hausawa. Wanda ya faɗi zai maimaita shekara, ni kuwa Baba ya riga ya tanadar mini kujera a shagon atamfa.

Bafaranshen da ya rubuta na farko ya ce mutanen Zongo ba sa rabuwa da nama. Baturen Ingila da ya rubuta na biyu ya ce mutane ne masu tsumulmula, tuwo da miyar kuka kullum. Muka karanta har ido ya yi ja, ba mu gano maƙaryacin ba.

Da yake Baguida da nisa, abokina ya dawo gidanmu da kwana. Inna ta yanka masa kaza. Washegari dambun nama, jibi shinkafa da zabuwa.

"Bafaranshen nan ya yi gaskiya," in ji shi, yana suɗe yatsa. "Ku Hausawa aljanna kuke ci a ɓoye."

Ni ma kuwa rabona da zabuwa tun Sallah.

Da kwanaki suka ja, wata rana Inna ta dire masa tuwo da miyar kuka, ta ce, "Kai ɗan nan, in ka gama ga bokiti, famfo na ƙofar gida."

Ya dubi kwanon, ya dube ni. Sai muka bar tuwon muka ruga ɗaki, muka buɗe gabatarwar littattafan, shafukan da ɗalibi ke tsallakewa. Bafaranshen hutu ɗaya ya yi a gidan wani attajirin goro. Na Ingila ya shekara a ɗakin haya. Muka yi ta dariya har Inna ta leƙo ta tambaya ko karatun ne ya taɓa mu.

A gaban aji muka ce babu wanda ya yi ƙarya, ɗaya baƙo ne, ɗaya ya zama ɗan gida, kuma kafin ka yarda da marubuci ka duba wa ya ciyar da shi.

Malam ya ce mun wuce. Ya ɗan jima yana goge tabarau, sannan ya ce, "A ƙauyen da na yi nawa binciken a arewa, akuya suka yi ta yanka mini har na tafi."