Motar da Inna Ke Iya Hawa

Shekarar da na ajiye aikin malamin gona na sayi motata ta farko, kuma har yau ban yi ta biyu ba. Salun ce 'yar Kwatano, mai ƙofa huɗu, ruwan toka, gajeriya kamar za ta shafi ƙasa da ciki. Duk tsawon aikina a kan babur na yi shi, ina bin bakin kanal daga wannan gona zuwa waccan, rana ta dake ni, ruwa ya dake ni. Ranar da na zauna a cikinta na ja ƙofa, na ji hayaniyar duniya ta ɗauke, sai na ce a raina ni da wahala mun yi hannun riga.

A shekarun farko ba ta ba ni kunya ba. But ɗinta yana cinye buhun irin shinkafa da tankin feshi, in kulle abina, ba ƙura ba ɗan hali. In ta hau kwalta daga Kura zuwa Kano kuwa, lafewa take yi a kan titi, ko shayi ka riƙe ba zai zube ba. Abin da ya fi min komai shi ne Inna tana iya hawanta. Inna mahaifiyata ce, ta manyanta, gwiwoyinta sun daɗe da yi mata tawaye. Sai ta buɗe ƙofar baya, ta juya ta zauna kamar mai zama a bakin gado, sannan ta ɗauko ƙafafunta da hannu ɗaya bayan ɗaya ta shigar. Ba ta son a taimaka mata. Haka nake kai ta wajen likitan ƙashi a birni, haka nake kai ta suna da gaisuwar mutuwa har Bunkure.

Ban san takamaiman lokacin da manyan motoci suka cika mana gari ba. Da dai mun san jif a wajen 'yan siyasa da manyan ma'aikatan ruwa. Sai aka yi wasu shekaru shinkafa ta yi kyau ta kuma yi daraja, duk wanda ya ɗan samu sai ya nufi Kano ya dawo a saman wani rumbu mai taya huɗu. Ƙanena, wanda ke dillancin tumatir a Kadawa, yana cikin na farko. Ya zo da tasa baƙa wuluk, ya faka ta daf da tawa, da gangan, ya sauko yana kaɗa mukulli.

"Yaya, ka ga mota?"

Na ce na gani, Allah ya sanya alheri, ya tsare.

"Amin. Kai ma ya kamata ka rabu da wannan kwanon sardin ɗin. Zamaninta ya wuce. Masu ƙera motocin ma sun fara daina yin irinta."

Na ce masa su masu ƙerawar ba su ne ke kai Inna asibiti ba. Ya yi dariya ya shige cikin gida gaishe ta.

Dariyar ba ta dame ni ba. Hanya ce ta fara damuna. Hanyar bakin kanal da nake bi zuwa gonata mota ɗaya take ɗauka, dama ruwa, hagu gangare zuwa cikin shinkafar mutane. Da can in ka haɗu da wata ƙaramar mota, sai kowa ya ɗan raɓe, a wuce ana ɗaga hannu. Jif kuwa ba ta raɓewa. Sai ka ga hancinta ya tsaya maka a gilashi, mai ita yana can sama yana leƙo ka kamar wanda ke kan katanga, ya danna maka hon. Kullum ni ne mai ja da baya. Na ja da baya saboda yaran da ni na koya wa iyayensu yadda ake dashen shinkafa a layi. Wuyana har ya saba da waiwaye.

Sannan manyan tayoyin nan, su da akori-kura masu ɗibar kwandunan tumatir, suka haƙe gefe biyu na hanyar suka bar tsakiya a tsaye kamar kunyar dankali. Su ba ruwansu, cikinsu yana sama. Ni kuwa in na shiga sai in ji ƙasa tana kankare min cikin mota, ƙurrr, har cikin haƙorina.

Duk wannan na jure. Abin da ya ƙure ni shi ne tudun rage gudu. A wani ƙauye da ke kan hanyarmu ta zuwa Bunkure, mata suna shanya turararriyar shinkafa a bakin hanya. Wata rana wani mai jif ya shigo a guje, ya watsa shanyar, ya kuma karya ƙafar maraƙin wani Bafulatani da ke tsallakawa da shanunsa. Bai tsaya ba. Mutanen ƙauyen suka fusata, kuma suna da gaskiya. Suka kwaso jar ƙasa da duwatsu suka gina tudu a kan hanya, a mashiga da mafita. Sai dai da jif suka auna tsayinsa. Masu jif suka ci gaba da haye shi ba tare da sun ɗaga ƙafa daga totur ba. Da mutanen suka ga haka sai suka ƙara masa tsayi.

Na je har wajen mai unguwar, na same shi a ƙofar gidansa yana gyaran igiyar guga. Bayan mun gaisa na faɗa masa abin da ke tafe da ni.

Ya ce, "Haba Malam, ai ba don kai aka yi ba. Kowa ya san ba ka gudu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba don ni aka yi ba, amma ni kaɗai yake kamawa."

Ya jinjina kai, ya ce lallai akwai wannan, za a duba. Ya sa aka kawo min ruwa. Da na sake bi ta wajen bayan sati, na tarar an ƙara tudu na uku a gaban masallaci.

Na koyi hawan tudun a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci in sauke duk wanda na ɗauko ya tsallaka da ƙafa. Ranar da abin ya faru ni kaɗai ne, ina dawowa daga kasuwar Bunkure da hantsi, ga buhun taki a but. Nauyin takin ne na manta da shi. Na ji wani ƙum a ƙarƙashina, na ce ai irin wanda aka saba ne, na ci gaba. Ashe dutse ya fasa tukunyar baƙin mai, yana ta tsiyaya a bayana. Kafin in isa gadar babban kanal injin ya yi wani kuka da ban taɓa ji ba, ya ɗauke.

Ba wanda zan kira sai ƙanena. Ya zo da igiya, ya ɗaura motata a gindin jif ɗinsa, ya ja ni muka ratsa tsakiyar Kura da rana tsaka, a hankali, yana tsayawa gaisawa da mutane.

Bakanikena, wanda ya san motar tun ranar da ta zo, ya shiga ƙarƙashinta ya fito yana goge hannu.

"Malam, inji ya buga."

Na ce to a nemo wani.

"Za a nema. Amma ka san kayan irin waɗannan sun fara wuya. Da can in na shiga kasuwar kayan gyara, tuntuɓe nake yi da su. Yanzu kowane shago kayan jif ne a gaba. Sai dai a jira a samu wadda ta yi haɗari a ciro."

Wato ni yanzu sai in zauna ina jiran wani bawan Allah ya yi haɗari. Na ce a'a, gara in je in ga ko zan samu wata salun ɗin mai sauran ƙarfi.

Na shiga motar haya zuwa Kano, na sauka wajen masu sayar da motoci. Layi-layi, duk inda na duba jif ne, farare da baƙaƙe, kowace ta turo ƙirji. Wani dillali ya tare ni da fara'a. Ban taɓa zuwa Makka ba, amma a bakin dillali kowa Alhaji ne.

"Alhaji, wacce za a buɗe maka?"

Na ce salun nake nema. Ya dube ni kamar na ce ina neman jaki.

"Ta Hajiya ce, ko ta yara 'yan makaranta?"

Na ce tawa ce. Ya zagaya da ni can baya, gindin wata bishiyar darbejiya, inda wasu 'yan ƙananan motoci ke tsaye, tsuntsaye sun yi musu ado. Ɗaya ta fi tawa tsufa. Ɗaya kuma sabuwar yayi ce, amma ta fi tawa kwanciya a ƙasa, ko tudun farko ba za ta haye ba.

Ya ce, "Alhaji, gaskiya zan faɗa maka. Mu abin da Turawa suka gama hawa shi ake kawo mana. Su kuma yanzu manya suke hawa. In ba su saya ba, kamfani ba zai ƙera ba, in bai ƙera ba, me za su yar mu tsinta? Ka ɗauki jif ka huta."

A motar dawowa na yi ta juya maganar nan, raina yana ƙara ɓaci. Wani mutum a wata ƙasa da ban taɓa gani ba, wanda titin ƙofar gidansa sumul yake kamar faranti, ya ga dama yana son ya zauna a sama ya riƙa kallon kan mutane. Shi ke nan, an yanke min hukuncin motar da zan hau a Kura nan da shekaru masu zuwa, ba wanda ya tambaye ni. Shi da ba ya bukatar tsayin ya saya don sha'awa, ni kuma da ban so ba an gina min tudu an tilasta min.

Ana cikin haka ranar ganin likitan Inna ta zo, motata tana gareji. Ƙanena ya ce shi zai kai ta, har da murnarsa. Ya kawo jif ƙofar gida ya buɗe mata baya. Inna ta fito da sandarta, ta tsaya ta dubi kujerar da ke daidai ƙirjinta. Ta juya baya yadda ta saba, ta laluba, ba abin zama. Ta ɗaga ƙafa za ta taka matakin, gwiwar ta ƙi. Mai ɗakina ta kawo kujera 'yar tsugunno, Inna ta hau, kujerar ta yi rawa, muka yi caraf muka riƙe ta. Wani ya ce a kawo turmi a kifa. Maƙwabta sun fara leƙowa.

Ƙanena ya ce, "Inna, bari kawai in ɗauke ki in saka ki."

Ta daka masa harara. "Ka ɗauke ni? A gaban surukata da mutanen unguwa? Ni buhun albasa ce?" Ta sauko daga kujerar da kyar, ta nuna motar da sanda. "Wannan ai ba mota ba ce. Raƙumi ma da tsayinsa yana durƙusawa a hau shi."

Ta juyo wajena. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana.

"Kai kuma, ina taka mai hankalin?"

Na ce tana wajen gyara.

"To in ta warke ma je."

Ta koma ciki. Ba lallashin da ba mu yi ba. A ƙarshe sai da ƙanena ya je tasha ya ɗauko shatar wata tsohuwar tasi mai fasasshen gilashi, ita ta kai su, jif ɗin tana tsaye a ƙofar gida kaji suna shan inuwa a ƙarƙashinta.

Daga ranar na daina tunanin sayen wata. Bakanike ya samo inji a wata mota da bishiya ta faɗa wa, don haka ban ci alhakin kowa ba. Ya ɗora shi, sannan ya ce tunda ba za a rage tudu ba sai a ƙara wa mota tsayi. Ya cusa wasu ƙarafa a ƙarƙashin sifirin, ya sa mai walda ya liƙa mata faifan ƙarfe a ƙasan cikinta. Ta fito ta yi wani ɗage-ɗage kamar wanda ya tattare wando zai tsallaka ruwa. A kwalta yanzu ba ta lafewa, rawa take yi. Inna ta lura tun zaman farko, ta ce wa ya taɓa motar nan, amma dai ta iya shiga.

Da fetur ya yi tashin gwauron zabo, sai na fara ganin jif ɗin ƙanena tana yini a rumfa lulluɓe da tamfol, shi kuma yana yawo a babur. Wata safiya ya shigo ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi gona, ya tambayi ruwan kanal, sannan ya sosa ƙeya.

"Yaya, ko za ka ara min motarka? Bunkure zan je in dawo. Tawa in na tashe ta sai ka ce rijiya nake zuba wa mai."

Na ba shi mukulli, na ce ya hau tudun nan a karkace, a hankali, taya ɗaya bayan ɗaya. Ya ce haba Yaya, kamar yau ya fara tuƙi.

Bayan la'asar na jiyo shi tun daga bakin kasuwa, motar tana ruri kamar injin niƙa. Ya shigo da salansa, bututun hayaƙin motar, a kujerar baya, ya shimfiɗa mata buhu don kada ta ɓata kujerar. Ya ce wallahi a hankali ya hau, tudun ne aka ƙara wa ƙasa. Washegari da safe na ɗauki salansar na koma gareji, bakanike ya hango ni ya jawo min benci.