Ranar da Shafin Keturah Ya Koma Baƙi

Keturah Ishmael haifaffiyar Jimeta ce, amma iyayenta mutanen Guyuk ne. Aikin koyarwa ne ya kawo mahaifinta gari, ya kama haya a Luggere, kuma a nan ya rasu tun tana firamare. Mahaifiyarta, Magdalena, ita ta riƙe gidan da keken ɗinki da kunun gyaɗa, har Keturah ta gama difloma ta sami aikin buga takardu a wani kafe, wato shagon intanet, da ke kusa da babbar kasuwa.

A kafen ta haɗu da Usaid, ɗan cikin garin Yola, wanda ke gyara musu kwamfutoci. Wata rana ta tarar da shi yana rubuta wasu layuka marasa kan gado. Da ya danna wani maɓalli, sai ga shafin intanet ya fito da hoto da rubutu tsaf. Daga ranar ta sa wa ranta ita ma sai ta iya.

Usaid ya nuna mata hanyoyi biyu. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta, wadda mutum zai zauna ya koyi kodin, wato irin layukan nan, ya rubuta komai da hannunsa, wata da watanni. Akwai kuma wata babba, wadda hoto kawai za ka jawo ka ajiye, ta yi maka sauran aikin. Wannan sayar da ita ake yi, amma wani mai sayar da kayan waya ya zuba wa Keturah ita a filasha, an ɓalle mata makulli.

"Adda Keturah," in ji Usaid, "wanda ya ɓalle manhajar nan ya raba wa duniya, kina ganin don Allah ya yi?"

"Kai dai kana son in tsufa ina rubuta layi," ta ce, tana dariya. Ta zaɓi babbar.

Shekarar 2015 ce. Garin ya cika da mutanen da suka gudo daga Mubi da Michika, ga shingen sojoji a kan manyan hanyoyi. In taya ta fashe a titi, sai ka ga kowa ya watse. A irin wannan lokaci ne Keturah ta sami aikinta na farko. Malam Bobboyi, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya buɗe ƙaramar makaranta a Yolde Kohi, yana karɓar 'ya'yan Musulmi da na Kirista, yawancinsu na 'yan gudun hijira. Yana son shafi don masu taimako su san da su. Keturah ta yi masa mai kyau. Ta sa hotunan yara suna wasa, ta sa taswirar hanyar zuwa makarantar, can ƙasa kuma ta rubuta sunanta da lambar wayarta.

Wata safiya tana wanke-wanke sai wayarta ta yi ƙara. Malam Bobboyi ne, amma da ƙyar ta gane muryarsa.

"'Yata, buɗe shafin nan. Sannan ki zo yanzu."

Ta goge hannu ta kunna kwamfutarta. Babu yara, babu sunan makaranta. Allon baƙi ƙirin, da wata tuta a tsakiya, da jan rubutu cikin haruffan Larabci. Can ƙasa, sunanta da lambarta na nan inda ta sa su. Ta zauna a kan tabarma. Magdalena ta leƙo ta kafaɗarta, ta dafe ƙirji.

"Yesu! Keturah, su ne? Sun san gidan nan?"

Ta rufe kwamfutar ta jefa a jaka, ta fita ta tare keke-napep.

Kafin su isa, sojoji suka tsayar da su a shinge, aka ce kowa ya sauko ya buɗe kayansa. Sai a lokacin ta tuna ba ta kashe shafin ba, rufe murfin kawai ta yi. In sojan ya ɗaga murfin, tutar ce za ta fara fitowa. Sojan ya leƙa jakar, ya taɓa kwamfutar da ɗan yatsa.

"Me kike yi da wannan?"

"Aikin makaranta, oga."

Ya daɗe yana kallon fuskarta, sannan ya yi mata nuni ta wuce.

A ƙofar makaranta ta tarar da cincirindo. Labari ya riga ta zuwa, wani malami ya nuna wa wani a waya, shi ke nan gari ya ɗauka an aiko da gargaɗi za a zo. Iyaye na fizgar 'ya'yansu, yara na kuka, takalma da jakunkuna a warwatse a ƙasa. Wata mata mai suna Nancy, wadda ta gudo daga Michika da 'ya'yanta bayan an kashe mijinta, ta hango Keturah ta yo kanta.

"Ke ce kika sa fuskar 'ya'yana a waya! Ke kika zana musu hanya! Ina kuma kike so mu gudu?"

Malam Bobboyi ne ya shiga tsakani, ya kama hannun jakarta ya ja ta ofis, ya sa sakata. Ya sa tabarau ya ƙura wa jan rubutun ido.

"Na yi karatun allo, na yi na littattafai," ya ce a hankali. "Haruffan na san su. Amma wannan ba Larabci ba ne, ba kuma Fulatanci ba. Ban san me suke cewa ba." Ya cire tabarau. "Dole in kai rahoto ga jami'an tsaro. Kuma sunanki ne a ƙasa, 'yata. Za su tambaye ki."

Ta san labarin mutanen da aka tafi da su don tambaya aka daɗe ba a ji ɗuriyarsu ba. Ta ce, "Baba, ku bari in kira mutum ɗaya tukuna."

Usaid ya zo a guje. Ya ja kujera ya shiga tona cikin shafin. Keturah na tsaye a jikin bango, duk motar da ta wuce sai ta kalli ƙofa. Can ya juyo da allon wajensu.

"Ga ta nan. Manhajar da kika yi aiki da ita ta bar ɓoyayyiyar ƙofa a shafin, ta nan suka shigo. Bappa, ku duba kuma." Ya matsa wa Malam Bobboyi, ya nuna musu wasu shafukan, na wani shagon takalma a wata ƙasa, da na wani likitan haƙori a wata. Duk baƙin allo ɗaya, tuta ɗaya. "Wasu masu kutse ne can nesa, da yarensu suke fahariya sun shiga. Ba su ma san akwai wani gari Yola ba."

Malam Bobboyi ya sauke numfashi ya yi hamdala. Duk da haka ya ce sai an je wajen jami'an tsaro. Su uku suka tafi. Aka raba su, aka zaunar da Keturah a wani ɗaki mai taga ɗaya, ana yi mata tambaya ɗaya ta fuskoki dabam-dabam. Wa ya ba ta manhajar? Su wa take hulɗa da su a waje? Me ya sa ta sa taswira? Da la'asar sakaliya aka sallame ta, bayan Malam Bobboyi ya tsaya mata, amma aka riƙe kwamfutar. Ta tarar da mahaifiyarta zaune a bakin titi, tun hantsi ba ta sa komai a bakinta ba.

Bayanin Usaid bai yi gudun da tsoro ya yi ba. Makarantar ta yi makonni a rufe, da aka buɗe kuma azuzuwa ba su cika ba. Nancy ta kwashe 'ya'yanta ta koma wajen dangi a Ngurore. Keturah ta bar kafen, ta zauna a gida tana taya mahaifiyarta ɗinki. In baƙuwar lamba ta kira ta, sai ta kife wayar.

Bayan damina Malam Bobboyi ya zo Luggere da kansa, ya zauna a kan benci ya sha kunu.

"Ina son a sake yi mini shafin," ya ce.

"Baba, ku nemi wani. Ni na jawo muku."

"Wanin da zan nema bai ga abin da kika gani ba. Ke nake so."

Ta koma wajen Usaid, ta fara daga farko da ƙaramar manhajar nan, layi bayan layi, da kwamfutar aro. Sabon shafin bai kai na da ƙyalli ba. Babu fuskar yaro ko ɗaya a ciki, sai ginin makaranta da bishiyar mangwaro, kuma babu taswira.

Yau Keturah na da ɗan shago a Karewa, ta yi wa asibitoci da coci-coci da 'yan kasuwa shafuka da dama. An san ta da jinkiri, don ba ta sa abin da ba ta karanta cikinsa ba. Wasu masu gaggawa kan yi fushi su tafi wajen waɗanda za su gama musu a yini guda. Ba ta roƙonsu su tsaya. Raka su take yi har ƙofa, ta dawo ta ci gaba da aikinta.