Azurfar Malam

Tun ina amarya nake roƙon Malam, maigidana, ya saya mini warwaron azurfa, yana cewa sai an sayar da rake. Rake kuwa a Kudan kowace shekara ana sayarwa, hannuna dai fayau.

Shi ne limamin masallacin unguwarmu. 'Yan shekaru bayan samun mulkin kai ciwon fitar baya ya kama shi. Da fari sai ya yi yunƙuri a bayan gida duburar ke fitowa, daga baya ko tari ya yi sai ta leƙo. Ni ke ɗumama ruwa, in sa tsumma da man shanu in mayar masa, yana kallon azara, ina kallon aikina. Jiƙe-jiƙe kam ya sha har ya gode Allah, a banza.

Abin da ya fi ci masa rai alwala ce, ba ta riƙuwa. Ya ce ba zai ja mutane salla yana shakkar tsarkinsa ba, sai ya tura na'ibi gaba, ya ce wa jama'a gwiwa ke damunsa. Mutumin da ke zuwa kasuwar Maƙarfi a ƙasa, wai gwiwa! Ni kuwa na tsani jin muryar na'ibin nan ta bayan katanga, Allah Ya yafe mini, kamar ana jan garma a kan tsakuwa.

Ƙanena da ke aiki a wani asibiti a Zariya ya ce ana yin tiyatar abin. Malam ya ce shi ba ya buɗe wa wani ƙato tsiraicinsa.

Na ce, "Malam, ni da nake gani kullum idona ya tsiyaye ne? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

A ƙarshe dai ya yarda. A tsaye ya tafi Zariya cikin babbar mota, don zama ya gagara. Da ya dawo, a rame, ya ce likita ya mayar da abin ciki, ya zagaya bakin da siririyar waya a ƙarƙashin fata, ya tsuke kamar bakin jaka. Ya yi ƙasa da murya ya ce wai ta azurfa ce.

Na yi dariya har da hawaye. "Ashe kana da hanyar azurfa, Malam! Ka hana ni, ka kai ta inda ba mai gani."

"Ke dai ba ki da ta ido," in ji shi.

Ba sauƙi aka samu tas ba. Bayan gida ya koma sai da lallami, dole na mai da shi kan kunu da miyar kuɓewa da gwanda. An kuma ce masa wayar tana iya tsinkewa, sai a sake. Amma abin bai ƙara fitowa ba.

Wata magariba ina tuƙa tuwo aka tayar da iƙama, na ɗaure fuska ina jiran na'ibi. Sai na ji kabbarar Malam. Doguwar sura ya ɗauko, bai yi sauri ba. Na saki muciya na zauna ina kuka, tuwon ya kama. Ban ƙara yi masa maganar warwaro ba.