Allon Malama Juwairiyya

Ƙarfe bakwai da rabi take isowa ofis. Ɗaki ne guda ɗaya a Birnin Kudu, na ƙungiyarmu ta masu gyaran famfon tuƙa-tuƙa, da tebur da kwamfuta da benci biyu. Kafin ta zauna sai ta share ƙasa da kanta, ta ɗora ruwan shayi, ta goge tabarau da gefen mayafi. Sannan ta kunna kwamfuta ta duba ƙauyukan da suka kwana ba ruwa. Ba a jimawa sai wayoyinmu su fara ƙara, saƙon murya ne daga gare ta, kowa da nasa.

"Iliyasu, ka tashi lafiya? Famfo biyu a Sundimina. Ɗaya sarƙa ce ta tsinke, ɗayan ban sani ba, sai ka je ka gani. Ka karya kafin ka hau babur."

Wannan ita ce Malama Juwairiyya, wadda muke ce wa Inna. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki ta huta. Ba ta taɓa riƙe sifanar kwance noti ba, ba ta taɓa zaro bututu daga rijiya ba, amma daga Wurno har ƙauyukan Gwaram da wuya ka sami famfon da ya dawo da rai ba da saninta ba. Mutanen ƙauye mu suke gani, mu suke sa wa albarka. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani, ko da ba zan iya tsara shi yadda ya kamata ba.

Aikinmu da manhajar waya muke yin sa. Kowane ƙauye akwai mai kula da famfo, in ya lalace sai ya shigar da rahoto. Rahoton ya faɗo wa Malama a kwamfuta, ita kuma ta tura wa makanikin yankin. Komai na ciki da Turanci ne, mu kuwa mu goma sha huɗu ne, huɗu kawai ke karanta Turanci sosai. Sauranmu kamannin kalmomi muka riƙe, kamar yadda kake gane fuskar mutum a kasuwa ba ka san sunansa ba. Ta nuna mana wuri uku: nan aiki yake jira, nan za ka danna in ka isa, nan za ka sa hoto in ka gama. Sai doka ɗaya da ta kafa ranar da Bappa, dattijonmu, ya danna wani abu ya share ayyukan Wurno gaba ɗaya: "Abin da ba ku gane ba, kada ku taɓa. Ku kira ni."

Haka muke tafiya lafiya har bazarar bara waccan. Wata safiya muka tashi manhajar ta sabunta kanta. Kamfanin da ya yi ta, can wata ƙasa, ya ga dama ya canja sunaye. Daga baya ne aka fassara mana: abin da suke kira rukuni ya koma fili, aiki ya koma kati, ita kanta Malama da take mai kula ta koma mai mallaka. Ba abin da ya daina aiki, sunaye ne kawai da 'yan wurare suka sauya. Amma a wayata kalmar da na sani ta ɓace. Wata doguwa ta zauna a gefe, da ɗan jan ɗigo a kanta. Na nuna wa Bappa, ya ɗaga wayar nesa da ido ya ce, "Talla ce. Rabu da ita." Na rabu da ita. Kiran Malama kuwa kunya ta hana ni, don a makon nan sau biyu na riga na kira ta kan abin da bai kai ya kawo ba.

Ashe a ƙarƙashin jan ɗigon nan rahoton Unguwar Barau ne, wani ƙauye a mazaɓar Kwandiko, yankina. Ita Malama ta turo min tun ranar farko. Canjin bai iso kwamfutarta ba tukuna, tsofaffin sunaye take gani, ta ɗauka kayan gyara nake jira.

Rana ta tara ina zaune a bencin ofis wata mata ta yi sallama, ta shigo da gorar roba a hannu. Bara'atu ce, mai kula da famfon ƙauyen. Ta dire gorar a tebur. Ruwan ciki kamar kunun da aka tsinka.

"Ga abin da 'ya'yanmu ke sha kwana tara," ta ce. "Wane ne Iliyasu?"

Na miƙe. Ban san abin da na yi ba, amma na miƙe.

Shugaban ƙungiya, Malam Abdurra'uf, yana nan. Mutum ne mai adalci, sai dai ba ya wasa da doka, dokar kuwa ta ce wanda ya bar aiki kwana uku ba uzuri ya fita. Ya dubi gorar, ya dube ni. "Ajiye jakar kayan aiki da makullin babur." Shekara biyar ina rataye da jakar nan. Ita ce sana'ata, ban da wata. Na sauke ta a hankali, na ɗora makullin a tebur.

"Ba ni wayarka," in ji Malama. Ta ajiye ta kusa da kwamfuta, ta dubi nan ta dubi can, ta daɗe. Sannan ta ce, "Malam, don Allah zo. Kai da ka yi boko, nuna min inda aka rubuta aiki a wayar nan."

Ya karɓa, ya ja sama, ya ja ƙasa, ya gyara hula. "To ina suka kai shi?"

"Abin da nake tambaya ke nan. Ni na ce musu kada su taɓa abin da ba su gane ba. Maganata ya bi. Kuma ni na ga aiki ya kwana tara ban ɗaga waya ba. In kora ce, da ni za a fara." Sai ta juyo kaina. "Kai kuma rabin maganata ka riƙe. Ba na ce ku kira ni ba?"

"Kunya na ji, Inna."

"Kunyarka ga ta nan a gora."

Bara'atu ta gyara mayafi ta ce, "Ni fa ba shari'a na zo saurare ba. Ruwa na zo nema."

Malam Abdurra'uf ya turo min makullin da ɗan yatsa. "Na sa ka a gwaji. In ka sake, ko Inna ba za ta cece ka ba." Na hau babur na riga motar hayar da Bara'atu ta shiga isa ƙauyen. Robar cikin famfon ce kawai ta cinye. Aikin da bai kai awa ɗaya ba, shi ya sa mata suka yi kwana tara suna ɗiban kududdufi. Lokacin da Bara'atu ta sauka daga mota yara na ta tuƙa famfo. Ta zubar da ruwan gorar ta tara sabo.

Abin da Malama ta yi bayan nan shi ne dalilin rubutun nan. Ta sa aka shafa wa bangon ofis baƙin fenti, ta ja layi uku da alli: tsohon suna, sabon suna, sai namu sunan da muka sa da Hausa, wanda ba kamfanin da zai canja. A ƙarƙashin kowanne ta rubuta da ajami saboda su Bappa. Takardun koyarwa da ta buga tun farko duk sun tashi a banza, ta sake su daga farko. Da canjin ya iso kwamfutarta ita ma sai da ta yi mako guda tana neman inda ake shigar da sabon makaniki, ba ta ɓoye mana ba, ta ce, "Ni ma yau ɗaliba ce." Ta rubuta wa kamfanin wasiƙa cewa su riƙa sanarwa kafin su taɓa suna. Bayan mako biyu suka amsa cewa sun gode, kuma sababbin sunayen sun fi sauƙi. Ta karanta mana, Bappa ya ce, "A wurin wa?"

Sai ta shiga zagaye. Mace mai shekara kusan sittin, a bayan babur cikin zafin bazara, ƙauye bayan ƙauye, tana zama a tabarma da masu kula da famfo tana nuna musu waya. Ta kuma sauya dokarta a gaban kowa: "Abin da ba ka gane ba, ɗauki hotonsa ka turo min yanzu, ba gobe ba." Washegari Bappa ya turo mata hoton alamar cajin batir. Ta amsa masa da murya, a natse, kamar ya yi babbar tambaya. Daga ranar ba wanda ya ƙara jin kunya. Saƙon safiya da na faɗa a farko ma a lokacin ya samo asali, don ta ce ba za ta sake barin ruwan mutane a hannun kalma ɗaya ba.

Inna, ke ce kika ɗauki laifi a gaban shugaba alhali kina iya yin shiru. Ke ce ba ki taɓa ce mana jahilai ba, ko da wasa. Ke ce kika zaunar da ni bayan la'asar, rana bayan rana, kina nuna min harafi ɗaya-ɗaya a jikin allon nan har na daina gane kalma da fuska kawai. Uwar makanikai, mai alli a jaka.

Watan jiya kamfanin ya sake canja sunaye, karo na uku. Ina Kwandiko na gani. Na ɗauki hoto na tura, na haɗa da cewa ina jin katin ne suka sake wa suna. Da na dawo ofis na tarar ba ta rubuta komai a bango ba. Ta miƙo min alli.

"Kai ka fara gani, kai za ka rubuta."

Na karɓa na rubuta, layin ya karkace. Malam Abdurra'uf ya tsaya a bayana ya karanta ya ce, "Wai har yanzu gwajin nan bai ƙare ba ne?" Malama ta ce, "Kai ka sani, kai ka sa shi." Ya yi dariya ya ce ya ƙare tuntuni, mantawa ya yi bai faɗa ba.

Munira ce za ta gaji kujerar, yarinya mai haƙuri, ta fi mu duka sanin kwamfuta. Malama ta nuna mata bangon kafin ta nuna mata komai. Ga duk wanda Allah ya ɗora a kan irin wannan kujera, a ofis ko asibiti ko makaranta, ina roƙo ya yi koyi da ita: in suna ya canja a na'ura, ya tashi ya duba wayar na ƙasa da shi, kada ya jira sai an kawo masa gora.

Mun gode, Inna. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya shayar da ke kamar yadda kika shayar da mutane. A ƙasan allon kin ja layuka biyar kin bar su ba rubutu. Mun gani. Allin yana cikin jakata, tare da sifana.