Kifin da Na Ce Na Saki

Har yau ranar Talatar nan ba ta fita daga raina ba, ranar da wani dattijo ya miƙo mini kifinsa ya juya mini baya. Tunda ku uku za ku fara fita da mutane cikin jirgi bana, gara ku ji labarin daga bakina kafin wani ya ba ku shi.

A farkon shekarun dubu biyu ne, shekarata ta biyu a wannan tafki. Lokacin ni ma'aikacin wucin gadi ne, irin wanda ake ɗauka a Maris a sallama a Oktoba. Aikina ba da hayar jirage, duba lasin kamun kifi, tabbatar da kowa ya sa rigar hana nutsewa, da sayar da koto, wato tana da 'yan ƙananan kifaye masu rai. Sama da ni akwai ma'aikatan dindindin biyu, sama da su kuma Madam Karen, wadda nake kira shef, wato shugaba, irin na gida. Doka ɗaya ta nanata mini ranar da ta ɗauke ni: ma'aikaci ba ya fatsa a bakin aiki, kuma ba ya fita da kifi daga tafki ko da kyauta aka ba shi.

Ni ɗan Gaya ne, mahaifina masunci, a bakin kogi na tashi kafin in zo ƙasar nan. Shi ya sa kifayen nan ba su ba ni wuya ba. Kirafi na kamanta shi da karfasa, fayik mai dogon baki da haƙora ya tuna mini da tsage, bas kuma kamar ƙanen giwan ruwa. Abin da ya gagare ni fahimta shi ne mutanen. Mutum ya wuni cikin rana, ya kama kifin da zai ci da gida guda, ya ɗauki hoto, ya mayar da shi ruwa yana murmushi! A raina na ce wannan wasan ƙoshi ne.

Idan sanyi ya janye, wajen Afrilu, bas kan taso daga zurfi zuwa bakin gaɓa. Namijin ya share gurbi a ƙasa, macen ta zo ta zuba ƙwai. Lokacin ne manyan matan ke kamuwa, kuma lokacin ne masu fatsa na gaskiya suka fi kiyaye sakin su.

Akwai wani dattijo baƙar fata daga unguwar East Greensboro, Mista Harold, wanda ya yi ritaya daga masaƙa. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi, hannun hagunsa ba ƙarfi, kunnensa ɗaya ma ya yi nauyi. Shef ta ce duk Talata ni zan riƙa tuƙa shi. Baba nake ce masa. Da na gaya masa haka muke kiran manya a wurinmu, ya ji daɗi ƙwarai, har yakan zo mini da burodin masara da 'yarsa ta gasa.

Baba Harold yana da kifi guda da ya sani. Wata babbar macen bas ce mai tsagaggiyar wutsiya, da ke zuwa gindin wani itace da ya faɗa ruwa a lungun yamma. Shekara biyu a jere yana kama ta yana saki. Sarauniya yake kiranta.

Ranar Talatar, wajen ƙarfe goma na safe, ta ɗauki ƙugiyarsa. Sandar ta lanƙwashe kamar za ta karye. Ya daɗe yana fama da ita da hannu ɗaya, ni kuma ina riƙe da koma, har muka shigo da ita. Tsawonta ya kai daga yatsuna zuwa sama da gwiwar hannuna, cikinta ya yi tim. Ya ce in ɗauke su hoto da 'yar kyamarar nan ta kwali, na ɗauka har sau uku. Daga nan sai numfashinsa ya fara sama-sama.

Ya ce, "Isa, karɓe ta. Riƙe ta cikin ruwa, ka riƙa kai ta gaba kana dawo da ita a hankali har ta buga wutsiya. Kada ka sake ta sai ta nemi tafiya da kanta."

Ya juya ya zauna a gaban jirgi yana neman ƙwayar maganinsa.

Na sunkuya a bayan jirgi, na sa ta cikin ruwa. Na ji nauyinta a hannuna. Sai na tuna abokaina na masallaci da ke tsokanata kullum, wai Isa yana aiki a bakin ruwa amma gidansa kifin kanti mai ƙanƙara ake ci. Na tuna mahaifina bai taɓa mayar da kifi kogi ba. Ba zan ce muku shaiɗan ne ba, ni ne. Ta fara motsi, tana neman tafiya. Na ɗago ta, na buɗe kular da nake sa abincin rana, na tura ta ciki na rufe. Sannan na bugi ruwa da tafin hannu.

Na ce, "Baba, ta tafi."

Bai ko waiwayo ba. Ya ɗaga hannu ya ce, "Madalla. Sai baɗi, Sarauniya."

A hanyar komawa ta riƙa dukan kular daga ciki. Duk bugun da ta yi sai in ƙara wa injin wuta don ƙararsa ta rufe.

Da yamma matata Rakiya ta fede ta. Ƙwai ya cika kwano. Ta dube ni ta ce, "Malam, wannan ai mai ciki ce. Wa ya ba ka?" Na ce wani ne a wurin aiki. Na kira abokai, aka yi farfesu, aka soya ƙwan, ana ta yaba mini. Na so in ce muku abincin ya tsaya mini a wuya, amma ƙarya ne. Na ci, har na ƙara.

Sati biyu bayan haka Baba ya kawo mini hoto ɗaya cikin ambulan. Ashe kuma ya rubuta wa shef takarda, yana cewa bai taɓa ganin ma'aikaci mai tausayin kifi da tausayin tsoho kamata ba. Madam Karen ta karanta takardar a gaban kowa. Da gurbin dindindin ya samu a ƙarshen shekarar, ni aka ba, kuma ta faɗa mini takardar nan ta taimaka. Na karɓa, na yi godiya, ban faɗi gaskiya ba.

Da Afrilu ta zagayo, Baba ya dawo. Talata uku muna zuwa gindin itacen nan. Ya kama ƙanana, ya kama wani fayik da ya kusa tsinka masa zare, amma idonsa na kan gurbin Sarauniya, ita kuwa ba ta bayyana ba. A Talata ta huɗu ya ajiye sandar a cinyarsa, ya daɗe yana kallon ruwa.

Ya ce, "Ni na kashe ta, Isa. Hoto uku! Na bar ta a iska ta daɗe, don son in nuna wa mutanen cocinmu. Shekara hamsin ina fatsa, na san abin da ya kamata, amma son nuna kai ya ja ni."

Na kashe injin da ke ƙugi a hankali, na matsa kusa da kunnensa mai ji, domin magana irin wannan ba a son maimaita ta.

Na ce, "Baba, ba kai ba ne. Lafiyarta ƙalau, har ta nemi tafiya. Ni ban sake ta ba. Gida na kai ta."

Ya dube ni kamar bai gane Turancina ba. Na sake faɗa. Jirgi na ta juyawa da mu a hankali. Daga baya ya naɗe zarensa, ya cire ƙugiya, ya sa a akwati.

Ya ce, "Kai ni gaɓa."

Bai kai ƙarata ba. Abin da ya ce wa shef kawai shi ne yana son a canza masa matuƙi. Ta kira ni ofis tana mamaki, ta ce, "Me ya haɗa ka da Mista Harold?" Na gaya mata komai. Ta cire tabarau ta ajiye, ta ce da kifin ne kawai, da gargaɗi za ta rubuta mini. Amma na yi wa abokin hulɗa ƙarya, na kuma ci gajiyar takardar da ƙaryar ta haifar. Ta ce tana iya korata a ranar, kuma ba wanda zai ga laifinta. Ta cire ni daga jirage har ƙarshen shekara, ta mayar da ni wankin tankunan koto da bayan gida, ta sa takarda a fayil ɗina. Rakiya kuwa da ta ji, kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Wajen ƙarshen Mayu ina bayan kanta, sai ga Baba ya shigo sayen koto. Na zuba masa 'yan kifayen a bokiti, idona a ƙasa. Ya ɗauka, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya.

Ya ce, "Mutum nawa suka ci ta?"

Na ce, "Tara, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Da ka ce mini kana da baƙi, da na kama kirafin da zai ishi mutum tara, na kawo maka har gida. Kirafi ya ma fi ta daɗi."

Ya ci gaba da zuwa tafkin nan shekara huɗu, yana amsa gaisuwata da mutunci, amma bai sake shiga jirgina ba.

To, ku da za ku fara bana, za ku ga abubuwan da ba ku saba da su ba, kuma ba dole ne ku gane dalilinsu kafin ku kiyaye su ba. Idan kuna son abu, ku buɗe baki ku tambaya, masu fatsa mutane ne masu kyauta. Sannan ku sani, a cikin jirgi matuƙi a baya yake zama. Duk wanda kuka ɗauka, ƙeyarsa kuke kallo daga safe har yamma, shi kuma ba ya ganin abin da hannunku ke yi. Maganarku kawai yake da ita.