Na Sayar da Bindigar Maigidana da Fatiha

Assalamu alaikum. 'Ya'yana da jikokina masu karanta wannan mujalla, ku ajiye abin da ke hannunku ku ara mini kunnuwanku. Ni ban yi karatu ba, da baki nake faɗa ana rubutawa, kuma abin da za ku ji ba tatsuniya ba ce, a kaina ya faru.

A lokacin ban jima da fita takaba ba, ina zaune a gidanmu na unguwar Jarwal a nan Makka. Daga Kano na zo aikin Hajji ina yarinya, Allah Ya haɗa ni da maigidana, haifaffen Makka, ɗan ƙasa, wanda kakansa ya zo nan da ƙafa. Ɗanmu namiji ɗaya ne, yana gadi a wani otal na alhazai, da matarsa da 'ya'yansa huɗu duk muna gida ɗaya. Marigayi yana da bindigar farauta da yake fita jeji da ita shi da abokansa. Na san tana da takardar izini daga hukuma, amma ni a wautata na ɗauka irin takardar da ake ba mutum ce in ya sayi firiji.

Da aka raba kayan mamaci, riguna suka tafi sadaka, agogo ya koma hannun ɗana, bindiga ta rage a ƙarƙashin gado naɗe cikin tsumma. Ga jikoki suna rarrafe ko'ina. Ɗana ya ce kada in taɓa ta, zai je ofis ya ji yadda ake yi da bindigar wanda ya rasu, sai azumi ya shigo, otal ya cika, ba ya samun ko lokacin cin abinci. Ana cikin haka wani maƙwabcinmu ya zo gaishe ni. Shi ne ya ɗauki makarar maigidana ta gaba, kullum Yaya yake kirana. Ya ce ya ji nauyin da ke kaina, zai saya ya raba ni da fargaba. Na tambaye shi batun takardar, wallahi na tambaye shi. Ya yi murmushi ya ce, "Haba Yaya, takarda ai tsakanin baƙi ake yin ta. Ni da ke sai Fatiha."

Abin da ke ƙona mini rai har gobe ke nan. Mutumin nan a Makka aka haife shi, ya yi makaranta, yana karanta Larabci kamar ruwa. Ya san doka ba ta yarda bindiga ta bar hannu zuwa hannu ba sai da sanin hukuma, sai an cire sunan wancan an sa na wannan. Ya sani sarai, ya dubi tsohuwa mai furfura ya yi mata dariya a ciki. Ni kuwa na yi yadda na ga iyayena suna cinikin gona: na aika aka kira mini shaidu biyu daga unguwar Nakkasa, wani tsohon tela da ya daɗe yana yi wa maigidana ɗinki, da wani mahauci. Aka sha gahawa, aka shafa Fatiha, maƙwabcin ya saɓa abarsa ya fita. Shaidun nan dukansu biyu ba su da igama, takardar zaman ƙasa, tun da suka zo Hajji ba su koma ba. Ban taɓa kawowa a raina cewa shaida ma sai mai takarda ba.

Da ɗana ya dawo na faɗa masa har da fara'ata, sai na ga ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Ya tafi wurin mutumin, shi kuwa ya ce masa wai ya ba wani abokinsa ya duba ta, gobe za a dawo da ita. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama wata biyar. Kai ƙara kuwa ba zai iya ba, don uwarsa zai fara miƙawa.

Wata safiya 'yan sanda suka buga mana ƙofa. Ashe an harba ta a wani biki a bayan gari don murna, harsashi ya sami wani bawan Allah a kafaɗa. Wanda ya harba ya ce shi ma saya ya yi a hannun wani da bai san ko gidansa ba. Amma a jikin ƙarfen akwai lamba, lambar kuwa sunan maigidana take kira. Ɗana ya tare ƙofa ya ce shi ne magaji, shi ke da alhaki, suka tafi da shi 'ya'yansa suna kallo. Na ja ƙafafuna har gidan maƙwabcin nan. Ya fito yana jan carbi, ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Wace bindiga kuma, Hajiya?" Ranar ba Yaya ba ce ni.

Mahauci da ya ji labari ya kwashe kayansa ya bar unguwa, ban ga laifinsa ba, yana da ƙananan yara. Tela kuwa da kansa ya zo. Na roƙe shi ya koma gida, na ce in ya shiga ofishin nan takardarsa za a fara tambaya, kuma ya san abin da zai biyo baya. Ya ce ya sani. Ya ce, "Hajiya, da tafin hannuna na shafa Fatihar nan. In ban faɗa a nan ba, a can za a tambaye ni." Ya sa farar rigarsa ya tafi. Maganarsa ce ta sa aka kira maƙwabcin aka matsa shi har ya amsa.

To ku ji ni, mata 'yan'uwana da za a bar wa kayan mamaci. Bindiga ba buta ba ce, ba darduma ba ce. Kada ku sayar, kada ku bayar kyauta, kada ku ba da aro, ku kai ta inda aka rubuta ta. Duk wanda ya ce muku zumunci ya wadatar ba sai da takarda ba, ku tashe shi daga kan tabarmarku, ko da shi ya yi wa mijinku wanka.

Wanda aka harba ya warke, sai dai hannun ba ya ɗaguwa sosai. Maƙwabcin ya yi zamansa na kurkuku ya fito, yana nan yana wucewa ta ƙofata, ba na amsa sallamarsa sai a zuci. Ni an duba tsufana aka ja mini kunne. Ɗana ya fito bayan wata biyu, amma otal sun sa wani a gurbinsa, yanzu tasi yake ja. Tela kuwa an mayar da shi ƙauyensu a ƙasar Katsina, inda duk sa'o'insa sun mutu, ba wanda ya shaida fuskarsa. Bara wata alhajiya ta kawo mini saƙonsa. Bai ce komai a kan kansa ba, tambaya ɗaya ya aiko da ita: yaron ya samu aiki?